Keken da Umma Ta Ɓoye

Shafi na 14

Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in na ƙara jinkiri za ta zo har garinmu Kasantina ta buga mini ƙofa. Ki zo, 'yar'uwa. Ƙofar ta kwana biyu ba wanda ya buga ta.

Ga wadda ta tarar da mu a tsakiyar hanya: sunana Hasiba, shekarata arba'in da shida, ina aiki a ofishin wata makarantar firamare, ban taɓa aure ba. Mahaifiyata Zakiya ita ce wadda duk amaryar da ta isa a unguwar Suwiƙa take shiga gidan miji da rigar karammiski mai surfanin zinariya daga hannunta. Wata huɗu ke nan da rasuwarta. A rayuwarta ba abin da ta tsana kamar surfanin keke, aikin malalata take ce masa. Sai ga shi bayan sadakar arba'in na hau ɗakin ajiya na soro, na ɗaga tsofaffin barguna, na tarar da keken ɗinki, da rigar auren Nasrin 'yar wana Mulud a ɗaure cikin zoben katako, rabi an yi, rabi ba a yi ba. A jikin zoben an ƙona suna da ƙarfe: Bariza. Ita ce almajirar Umma da ta kora shekara talatin da suka wuce, saboda ta kama ta tana surfani da keke.

Mun tsaya a inda na yi sati bakwai ina zuwa gidan Bariza, wadda nake ce wa Khalti, wato inna, tana koya mini, ban tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ce komai ba.

*

Ranar Juma'a da hantsi Fariza matar Mulud ta kira ni. Tun rasuwar Umma kira uku ta yi mini, duka ukun a kan riga. Ta ce ranar Alhamis mai zuwa dangin ango za su zo ganin kayan amarya, kuma ta riga ta shaida wa kowa cewa Nasrin za ta tare da riga ta ƙarshe da ta fito daga hannun Zakiya. Ta tambaye ni ko har yanzu shafin ciki ne kawai ya rage, kamar yadda na faɗa mata tun farko.

Na ce shi kaɗai ne.

Ta ce madalla, ta kashe.

Na ajiye wayar na dubi aikin. Ƙirjin hagu na rigar babu ko fure ɗaya, hannun hagu ma haka. Saura kwana shida.

Asabar da safe na dafa gahawa. Har yau in na buɗe kabad kofi biyu nake ɗaukowa, sai in mayar da ɗaya. Na sha a tsaye, na naɗe rigar cikin farin zanen gado, na rungume ta a ƙirji, na bi ta gadar ƙafa mai lilo na haura unguwar Bab al-Kantara.

Khalti Bariza a hawa na huɗu take, ita da kyanwarta da kekenta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ta haura sittin da biyar, ba ta gaisuwa mai tsawo. Ranar da na fara zuwa, zoben kawai na miƙa mata. Ta dube shi, ta dubi fuskata, ta ce in zauna. Ta kwance takalmin da ke danne yadi ta ajiye, ta rufe haƙoran keken da wani siririn ƙarfe, ta mayar da tsawon ɗinki sifili. Ta ce daga yau keke ba zai ja mini yadi ba, aikinsa kawai ya ɗaga allura ya sauke. Inda yadin zai je, gaba ko baya ko gefe, hannuna ne zai kai shi.

A satin farko allura goma sha ɗaya na karya. A na biyu allurar ta shiga farcena ta fito ta ƙasa, Khalti ta zare ta da filaya tana ba ni labarin farashin tumatir. Sau nawa ina mance sauke ƙarfen bayan keke, saboda babu takalmi sai in ga kamar ba amfaninsa, in juya yadin in tarar zare ya cukurkuɗe kamar gashin da ba a taje ba. Zanen gado huɗu na cika da da'ira, da ganye, da sunana, har sunan ya fara karantuwa.

Kullum maganarta ɗaya ce: ƙafata ta matsoraciya ce, hannuna kuma na mai gudun kare. Sai na juya su. Ƙafa ta yi gudu, hannu ya yi sanyi.

Wannan Asabar ɗin ban zauna gaban keke ba. Na shimfiɗa rigar a kan gadonta, na buɗe zanen.

Ta daɗe tana kallon ƙirjin dama. Ta kai yatsa ta bi reshen da ya taso daga ƙugu ya nannaɗe har kafaɗa.

"Tun yaushe, Khalti?"

"Tun yaushe me?"

"Zobenki na tarar a soron gidanmu. Wannan aikin kuma, ni mai karya allura ma na san ba na mai koyo ba ne. Tun yaushe Umma take taka keke?"

Ta tashi ta rufe taga, ta kori kyanwar daga kujera, ta zauna.

"Shekara tara. Da 'yan watanni."

Ni a lissafina wata shida ne, tun da ciwo ya kwantar da ita na farko ta tashi. Da shi na yi ta lallashin kaina sati bakwai. Na zauna a bakin gadon.

Ta ba ni labari ba ta kallona. Wata Talata ce ta hunturu, ana ruwa, aka buga ƙofa. Ta buɗe ta ga Zakiya cikin baƙin mayafinta, a jiƙe, shekara ashirin da ɗaya rabonsu da magana. Ba sallama, ba gaisuwa. Hannuwanta biyu kawai ta fitar daga cikin mayafin ta miƙa mata. Yatsun sun karkace, gaɓoɓin sun kumbura, babban yatsa ba ya haɗuwa da manuniya. Ta ce, koya mini abin nan naki.

"Na bar ta tsaye a bakin ƙofa har na shanye gahawata," in ji Khalti. "Ban yi nadama ba, ta kore ni gaban mata takwas. Da na gama na ce ta shigo."

Ta ce yatsun da ba sa riƙe allura, tafin hannunsu yana iya tura zobe. Abin da ita ta yi shekara uku tana koyo, Umma wata uku ta yi ta wuce ta. Duk Talatar da take ce mini za ta gidan wankan mata na cikin gari, nan take zuwa. Keken kuma marigayi mijin Khalti ne ya hau da shi soronmu wata rana ina wurin aiki.

Na ce ba zai yiwu ba.

Ta ce me ya hana.

"Ni nake zura mata allurai, Khalti. Kullum. Har satin da ta rasu."

Wannan shi ne aikina a gidanmu tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Umma ba ta taɓa koya mini surfani ba, ta ce hannuna yana da nauyi. Abu ɗaya ta yarda in taɓa: kowace safiya bayan sallar asuba in zauna kusa da ita a kan shimfiɗa, in zura zare a allura ashirin, in kafe su a jikin wani jan matashi, don kada ta tsaya zura allura tana tsakar aiki. Rabin awa nake yi. In na dawo da yamma sai in tarar da su duka babu zare, in san an yi aiki.

Khalti ta sunkuyar da kai tana murza gefen rigarta.

"Da la'asar take zare su," ta ce. "Ɗaya bayan ɗaya, kafin ki dawo. Ran da yatsun suka ƙi, da haƙori."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, yaran makaranta ma sai sun matso suke jin abin da na ce, amma ranar kyanwar sai da ta shige ƙarƙashin gado. Na ce shekara tara tana zaune tana kallona ina aikin banza. Na ce ta tsallake gada cikin ruwan sama ta zo wurin matar da ta kora, ni da muke kwana bango ɗaya tsakaninmu ba ta iya buɗe baki ta ce Hasiba hannuna ya mutu ba. Na ce ni ce na zauna, Mulud ya tafi ya yi gidansa, ni ce na zauna, kuma ni ce ta mayar sakarya.

Ta bar ni na gama.

"Ni ma na tambaye ta, 'yar Zakiya. Na ce me ya sa kike wahalar da yarinyar nan."

"Ta ce me?"

"Ta ce, Hasiba in ta dawo aiki ɗakinta take shiga, ni kuma ban iya hira ba, ba a koya mini ba. Wannan rabin awar ta safe ita kaɗai ce take zama har gwiwarta ta taɓa tawa. In na ce mata na daina bukatar allura, da me zan kira ta?"

Na koma na zauna.

A waje wani mai sayar da kifi yana ta kira. Na ji shi ya zo, ya wuce, muryarsa ta ɓace.

Ɗakina nake shiga, gaskiya ne. Ina shiga ne don na ɗauka ba ta son a dame ta. Nakan kwanta in ji tarinta ta bango, in ce bari in je, sai in ce me zan ce mata. Ashe ita ma tana can tana jin motsina.

Na tambayi Khalti ko ta taɓa faɗa mata dalilin da ya hana ta koya mini tun ina ƙarama. Ta ce wannan kam ba ta sani ba, ba za ta ƙirƙira wa matar da ke kabari magana don ta faranta mini ba.

Can na tuna wani abu.

"Sauran rigunan fa?"

"Duk wadda ta fita daga gidanku a shekara taran nan."

"Ta ce musu da hannu ta yi?"

"Ba ta taɓa cewa ba. Su ma ba su taɓa tambaya ba. Wa zai tambayi Zakiya? Ta gaba ba mai ganewa, ni kaina sai na ƙura ido. Ta baya ne ake ganewa, shi ya sa take like shafin ciki da ɗinki biyu."

Na roƙe ta ta ƙarasa mini rigar. Ta ce idonta ya daina ganin zane a kan yadi mai duhu tun bara, kuma ko da yana gani ba za ta yi ba, rigar gidanmu ce. Ta ce in matso, akwai abu ɗaya da ba ta nuna mini ba.

Zaren zinariya ya fi ƙarfin kafar allura. Sai ta ɗauko kwarkwaro ta nannaɗa shi a ciki da hannu, a hankali, ba ja. Ta sassauta ɗan ƙaramin dunƙulen ƙoshiya, ɗan ƙarfen da ke matse zaren ƙasa, da bakin wuƙa har zaren ya riƙa fita ba gardama. A sama kuma zare ne na kullum, siriri, mai ruwan ƙwai. Ta kife yadin a cikin zobe, fuskarsa ƙasa, bayansa sama. A bayan ake zane, a bayan ake bi, zinariyar tana kwanciya ta ƙasa inda ba ka gani. Sai ka gama ka juya.

Na ce in na yi kuskure fa, yaya zan sani?

Ta ce sai na juya. Kuma karammiski ba ya yafiya, in aka farke ɗinki tabon yana nan.

Har ƙofa ta rako ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta cusa mini ƙunshin makarud, cincin ɗinmu mai dabino a ciki, guda huɗu a jaka, ta ce in ci, na rame kamar allurar da nake karyawa.

*

Na ɗauki hutu a makaranta har zuwa Alhamis. Na sauko da keken daga soro da kaina, mataki-mataki, ina hutawa, na ajiye shi a ɗakin Umma gaban taga inda haske ya fi.

Umma ta riga ta zana ƙirjin hagu a bayan yadin da farin alli, layin yana ɗan rawa a wasu wurare. Ranar Lahadi ban taɓa rigar ba. A kan ƙyallen karammiskin da ya rage na yi ta gwaji daga safe har la'asar. Furen farko ya fito kamar an taka shi. Na biyu zinariyar ta yi sako-sako. Na ƙara ɗaure dunƙulen kaɗan, ta tsinke. Na sassauta.

Litinin da safe na ɗaure rigar a zobe, na ja ta har tana ƙara in an ƙwanƙwasa, na jawo zaren ƙasa zuwa sama, na riƙe bakinsu biyu, na sauke ƙarfen baya, na yi bismillah.

Ƙafata ta so ta ji tsoro. Na tilasta mata.

Gidan da ya yi wata huɗu ba a jin komai sai agogon bango ya cika da ƙarar keke. Na bi layin allin Umma, inda hannunta ya yi rawa na gyara, inda ban gane abin da take nufi ba na leƙa ƙirjin dama na kwaikwaya. Ganye ɗaya, reshe, ganye na biyu. Da na kai ƙarshen furen farko na tsaya na yanke zare, na zauna ina kallon bayan yadin, na kasa juyawa. Sai da na je na wanke fuska na dawo.

Ya fito. Ba kamar nata ba, gefe ɗaya ya ɗan fi kauri. Amma fure ne, zinariyar ta kwanta, tana ɗaukar hasken taga.

Na ɗaga zoben na juya wajen shimfiɗar Umma don in nuna mata. Sai da na juya na tuna.

Na ajiye, na ci makarud ɗaya, na ci gaba.

Haka na yi Talata, na yi Laraba. Ba wanda ya kira, ban kira kowa ba. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta tare ni a matattakala ta ce tana jin wata ƙara a sama, na ce injin wanki ne ya lalace. Wuyana ya sage, tafin hannuna ya yi ja. Allura biyu kawai na karya. Alhamis da hantsi na gama ganye na ƙarshe a bakin hannun riga. Lokaci bai ishe ni in like shafin ciki yadda Umma take yi ba, sai na kama shi da manyan ɗinki a gefen ƙasa, na ce bayan an gani in dawo da ita in ƙarasa.

*

Gidan Mulud ya cika da mata kafin la'asar. An jera tire na gahawa da ruwan furen lemo, an baje kayan amarya a babban falo, zannuwa, tawul, takalma, riguna shida a rataye. Wurin ta bakwai an bar shi a tsakiya.

Fariza ta karɓi ƙunshin daga hannuna tun a ƙofa, ta ce na makara. Nasrin ce ta rungume ni, ta ce Goggo kin rame, ta riƙe hannuna ta ga jan tafin, ta buɗe baki za ta tambaya aka kira ta.

Na samu kujera a bayan ƙofa na zauna.

Da aka buɗe rigar falon ya yi tsit, sannan aka ɗauki guɗa. Wata ta ce Allah ya ji ƙan Zakiya, ba za a sake irinta ba. Wata tsohuwa ta share hawaye. Nasrin ta sa fuskarta a jikin karammiskin. Fariza tana tsaye tana karɓar yabo kamar ita ta yi.

Ni dai ina kallon ƙasa, ina jin zuciyata tana saukowa a hankali.

Sai aka ce a kai wa Hajiya ta sa albarka.

Hajiya Akila kakar ango ce, ta haura tamanin, tana zaune a kujerar da ta fi kowace girma, sandarta a jingine. A garin nan in ana gardamar surfani ita ake kai wa. Ita ma karammiski ne a jikinta, shuɗi mai duhu, na gane shi tun shigowata. Daga gidanmu ya fita shekara biyar da suka wuce, ni na naɗe shi da hannuna.

Aka shimfiɗa mata rigar a cinya. Ba ta sa tabarau ba. Ta rufe ido ta ɗora tafin hannu a ƙirjin dama, ta shafa har kafaɗa, ta gyaɗa kai. Ta koma na hagu. Hannunta ya tsaya a kan furena na farko. Ya koma dama. Ya dawo hagu.

Ta buɗe ido, ta laluba gefen ƙasa, yatsarta ta sami manyan ɗinkin da na yi. Ta ja ɗaya, shafin ya buɗe. Ta juya rigar.

Aikin hannu a bayansa ƙulli-ƙulli ne, kowane da tazararsa. Na keke layi ne ɗaya, ƙanana, a jere kamar tururuwa. Matan da ke kusa suka leƙa. Na ga wata ta taɓa ta kusa da ita da gwiwar hannu.

"Wa ya kawo rigar nan?" in ji Hajiya Akila.

Fariza ta nuna ni. Kawuna suka juyo bayan ƙofa. Tun da nake zuwa taron mata ban taɓa ganin ido da yawa haka a kaina ba.

"Matso, 'yata."

Na matso na durƙusa gabanta.

"Wannan aikin keke ne."

"Eh, Hajiya."

"Na wa?"

Na ji Fariza ta ja numfashi a bayana. Na dubi falon. Ban da Hajiya, mata uku na ƙirga sanye da rigunan gidanmu na shekarun nan.

"Nawa ne," na ce. "Umma ta rasu ba ta fara ba, zane kawai ta bari. Na ji kunyar faɗa, na je na koyi keke na yi. Duka ni na yi. Laifina ne, ba na kowa ba."

Fariza ta fara magana, wai ta rantse ba ta sani ba, wai na ci amanarsu gaban surukai, wai dama tun Umma na da rai an san hannuna ba ya komai. Nasrin ta ce Mama ki bari, ta zo ta tsaya a bayana ta dafa kafaɗata. Hajiya ta ɗaga yatsa ɗaya, kowa ya yi shiru.

"Yaushe kika fara koyo?"

"Wata biyu."

"Na hagu na mai wata biyu ne, na yarda. Kin yi ƙoƙari ma, hannunki ba shi da laifi." Ta mayar da tafinta kan ƙirjin dama. "Wannan kuma? Na san yadda Zakiya take karya reshe in ya kusa kafaɗa tun kafin a haife ki. Hannu biyu ne a rigar nan, 'yata, kuma duka biyun keke suka taka."

Na ce ni ce, Hajiya.

Ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallona, ba fushi a fuskarta, wani abu ne daban da na kasa karantawa. Sannan ta ture rigar Nasrin gefe, ta sunkuya da ƙyar, ta kamo gefen tata shuɗiyar rigar ta ɗora a gwiwa, shafin ciki yana sama, ɗinki biyun Umma a jere.

Ta ce a kawo mata almakashi.

Ba wadda ta motsa. Ta maimaita. Wata jikarta ta tashi ta ɗauko a cikin kayan amarya, sabo, ko takardarsa ba a cire ba.

Hajiya ta karɓa, ta juya shi, ta miƙo mini ta wajen mariƙi.

"Idona ba ya ganin ɗinki," ta ce. "Ke za ki farke."